Hadarin da Ya Shigo ta Ƙofa

Tun Nasara bai taka ƙasar Kano ba, an yi wani mai baibayar ɗaki a wani ƙauye kusa da Zakirai, ana ce masa Ɗanliti. Abu ɗaya ubansa ya dasa masa a ka: hadari daga gabas yake zuwa. Don haka duk jinkar da ya ɗora, gabas yake ninka wa shuci, can yake tamke igiyar rama, ƙofa kuwa ya ce a fitar da ita yamma. Har ya yi furfura iska ba ta kunyata shi ba.

Ran nan da la'asar, gero ya fara fid da kai, hadari ya gangamo. Ɗanliti ya lura iskar ƙasa daga kudu take kaɗa geron, gajimare kuwa daga gabas. Sai gindin hadarin ya sauko yana juyawa, kamar ana tuƙa tuwo. Ya karkata, ya kewaye ƙauyen, ya shigo ta yamma, ta bakin ƙofa. Iska ta cika ɗakuna, ta riƙa cire jinka daga ciki.

Matarsa Hure ta ce, "Malam, yi wani abu mana!" Yana tsaye da igiya a hannu, babu abin ɗaurewa.

Washegari maƙwabcinsa Mati ya ce, "Baba, yanzu ina za mu sa ƙofa?"

Ɗanliti ya daɗe yana duban sama. Ya ce, "Yamma." Bai san wani wurin ba.