Ƙafar Iya a Tagulla

Kawuna maƙerin tagulla ne, kuma ban taɓa son aikinsa ba. Masu zuwa da motoci daga Ouaga 2000, unguwar masu kuɗi, ba sa ganin abin sai an goge shi yana sheƙi. Ni na san da me ake yinsa: kakin zuma, yumɓu, da kashin jaki. E, kashin jaki. Da hannu yake kwaɓa shi da yumɓu a bayan ɗakinmu a Zongo, wai shi ke hana ƙasar tsagewa a wuta, sannan ya ɗauraye hannun sama-sama ya zo ya tsoma a tuwo. Tagullar ma tsofaffin kawunan famfo ce da matattun kwaɗunan ƙofa da yake kwasowa daga unguwar Tampouy a bayan ɗan babur ɗinsa mobilet.

Mata kawai yake yi. Mace da tulu, mace da goyo, mace ta duƙa tana wanki, kowacce da dogon wuya kamar an ja ta. Yana cewa wahalar mata yake zubawa don duniya ta gani. Duniyar kuwa ta saya ta ajiye tsakanin furanni a ƙofar gida. Malamin unguwarmu ya yi masa wa'azi kan gumaka har ya gaji. Ni ba wannan ya dame ni ba.

Shekarar da na bar lise, wato sakandare, wata safiya na shiga rumfarsa neman ashana, sai na ga Iya a kan benci.

Iya mahaifiyata ce, yayarsa kuma. Shan inna ya shanye mata ƙafar hagu tun tana ƙarama. Zaninta kullum yana share ƙasa, har ni da ta haifa ba kasafai nake ganin ƙafar ba. Amma ga ta nan ya siffanta ta da kakin zuma, tsawon kamu ɗaya, bokiti a ka, zani a ɗage har gwiwa, ƙafar a fili, siririya, a karkace. Fuskar ma bai ɓoye ba. Tsagen kumatunta na nan, wushiryarta na nan. Duk wanda ya taɓa zuwa famfon unguwarmu zai gane ta.

Na tambaye shi ko ta sani. Ya ce ba sai ta sani ba.

"Kawu, tsiraici ne wannan."

"Ke dai kin yi karatun lakwal a banza," in ji shi. "Da wannan ƙafar ta goye ni. Girmama ta nake yi."

Na ce ya narkar da girmamawar. Ya yi dariya, ya ce in miƙo masa kwanon yumɓu. Kafin azahar ya lulluɓe ta da kwaɓin nan mai wari, ta zama dunƙule kamar tukunya, da ɗan rami a gindi. Ya ajiye ta a inuwa ta bushe.

Ban gaya wa Iya ba. Da wane baki? Na jira Juma'a. Da ya tafi masallaci na ɗauko dunƙulen, na tusa shi cikin garwashin murhunmu, na ƙara gawayi, na yi ta fifitawa da faifai har idanuna suka yi ja. Kakin ya fara ɗiga ta ramin, yana cin wuta, yana hayaƙi. Na tsaya sai da ya tsiyaye tas. A raina na ce shi ke nan, babu Iya a ciki, sai ya sake wata.

Shekara da shekaru ina gida ɗaya da wannan aiki, ina toshe hanci ina wucewa. Ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yi ba.

Ya dawo ya tarar da shi a murhu. Ya sa awartaki ya ɗago, ya juya, ya leƙa ramin, ya ƙwanƙwasa. Ina jiran faɗa. Sai ya ce ko tsaga babu, wa ya koya mini? Ashe haka ake yi. Dole kakin ya fita, ya bar gurbinsa a cikin yumɓu, a zuba tagulla a gurbin. Aikin da zai yi gobe na yi masa yau. Tun yumɓun na da zafi ya hura zuga-zugi, ya narkar da kwaɗunansa, ya zuba. Da ya huce ya fasa da guduma, ta fito baƙa ƙirin, har yatsun ƙafar.

Kwana biyar yana goge ta a bakin rumfa, a kan hanyar famfo. Mata suka riƙa tsayawa da bokitansu. Su kalli tagullar, in Iya ta zo wucewa su kalli gefen zaninta. Wata har ta duƙa kamar tana gyara takalmi.

Iya ta gane abin da suke kallo. Shi ne ya ta da maganar, muna cin tuwo, yana alfahari. Ya ce mata ɗiyarta tana da hannu, ita ta gasa yumɓun da kanta ba wanda ya sa ta. Iya ta daina tauna. Ta dube ni. Na buɗe baki in yi bayani, na rasa ta inda zan fara da ba zai nuna tun farko na sani na yi shiru ba.

Wani mai babbar mota ya saye ta a makon. Washegari da safe na tarar da bokitai biyu a ƙofar ɗakina. Daga ranar ni ke zuwa famfo. Iya ba ta sake taka wannan hanyar ba.