Gashin Idon Inna Tumba

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonakinmu aka kwashe mu zuwa sabon matsuguni kusa da Maradun, ban daɗe da fara ɗaukar tulu ba. Wurin ba inuwa, rijiya da nisa, ƙudaje kuwa har a fuskar jarirai. Manya ba su da zance sai na gonar da ta tafi. Mu yara abin da ya rage mana na tsohon gida shi ne kakarmu, Inna Tumba, da tatsuniyoyinta.

Amma kafin tatsuniya akwai aikina. Da la'asar sakaliya takan ɗora kanta a cinyata, ta miƙo mini matsefata, ɗan hantsakin cire ƙaya. Gashin idonta ya lanƙwashe ciki, yana gogar ƙwayar idon kamar ƙaiƙayi. Sai in yi ta cire shi a hankali, hawaye na gangara mata har kunne.

"Hannunki da sanyi, ƙawata," takan ce. "Cire wancan na gefe, shi ad da mugunta."

Duk mun ɗauka haka tsufa yake.

Bayan an ci tuwo sai mu kewaye murhu, ita ta ba hayaƙi baya. "Ga wata nan ta taho," in ji ta. Mu ce ta iso, muna jira.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta tsohuwar zabuwa mai jan garke zuwa tafki. Idonta ya fara dushewa, ba ta gaya wa kowa ba. Tana bin hanya da ƙafa kawai, don ta san ta tun tana tsako. Rannan ambaliya ta sauya hanyar, tsohuwar ta ja su har bakin ramin dila, da ƙyar suka tsira. Wata 'yar ƙarama ce ta lura tsohuwar na karo da karan dawa. Daga ranar ta riƙa tafiya kusa da ita tana kuka, tsohuwar na bin muryarta, har suka sami ruwa.

Na ce, "Inna, don mi ba ta faɗi ba?"

Ta ce, "Kowa na cikin wahala tai, ƙawata. Wa za ta ƙara ma nauyi?"

Ba a jima ba, wani maraice ta miƙa hannu za ta ɗauki ludayi, ta damƙi garwashi. Ba ta yi ƙara ba, ta dai ɓoye hannun cikin zane. Da safe na sami Baba na ce masa Inna ba ta gani. A makon ya kai ta Talata Mafara, daga can suka hau mota zuwa asibiti a Sakkwato. Likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, amma na dama an yi masa ɗan aiki a fata, gashin ya koma waje.

Da ta dawo ta riƙe haɓata, ta juya fuskata wajen haske.

"Ashe wushirya gare ki," ta ce, tana dariya. "Ba wanda ya gaya min."

Yau ni ma ina da jikoki, ga tabarau a hancina. Sai da na girma na gane cewa masu ƙaunarmu su suka fi iya ɓoye ciwo, kuma ido ba ya jiran a gama kunya. Shi ya sa nake yawan duban idon mutane, na jariri mai kwantsa, na ɗalibin da ke manna littafi a fuska. Kwanan baya na ga yayar maigidana tana zuba shayi gefen kofi. Ban tambaye ta komai ba. Na ɗauko mata mayafi na ce, "Yaya, tashi ki raka ni asibiti."