Waƙar da ta raba shi da dokinsa

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar uban 'ya'yana. Ban faɗi sunansa ba yana raye, ba zan fara yau ba. Ban yi karatu ba. Ni ke faɗi, ɗiyata Hajaru na rubutawa, in kuka ya zo ta jira ni.

Makaɗin kotso ne a fadar garinmu, can gabas da Zurmi. Al'adar fada ce, in an tuɓe sarki, makaɗi ya koma na wanda aka naɗa, kuma tilas ya yi wa tsohon zambo. Da aka tuɓe ubangidansa aka naɗa ƙanen, ya yi zambon, ya kira tsohon sarkin rimin da gara ta cinye. Gari ya ɗauka, har mata wurin daka. Akwai gaskiya a ciki, mutumin ya matsa wa talakawa.

Wata ranar kasuwar Shinkafi ya iske tuɓaɓɓen sarkin zaune a rumfar wani, shi kaɗai, yana ɗinke takalminsa. Nan cikin mutane ya kama kotso ya ƙara wa waƙar baiti, na tausayi. Labari ya riga shi isa gida. Sabon sarki ya karɓe dokin da ya ba shi, ya hana shi fada. Na yi ta faɗa, maigidana ya ce, "Ke dai bari. Na ci tuwon mutumin ga. Na zage shi yana bisa, ba ni taka shi yana ƙasa."

Hajaru ta ce ta karanta cewa mawaƙan ƙasar Sin na dā ma haka suke, su yi wa sarki habaici su yi masa kuka a waƙa guda. Na ce ashe yana da 'yan'uwa bai sani ba.

Yau garinmu kango ne, 'yan bindiga sun watsa mu. Duniya rawar 'yan mata. Sarkin da ya karɓe dokin yana nan Ƙaura tare da mu, a ɗakin haya, ido ya tafi. Samari sun tono zambon da aka yi wa wansa daga tsohon kaset, suna kunna shi a waya in an wuce da sarkin masallaci. Da maigidana na raye, na san ƙofar da zai je ya tsaya da kotsonsa.

Baitin Shinkafi ba ya cikin kaset. A bakina kaɗai ya rage, ni kuwa na tsufa. Bai bar mini gona ba, wadda muke da ita ma daji ya ci. Wannan ya bari, don haka na ce a rubuta, mai kunna zambon ya haɗa da shi: "Rimi ya faɗi, tsuntsun da ya kwana bisansa ya rage dariya."

Allah ya jiƙansa.