Kotun Rediyo a Zauren Baffa Ilu

Duk wanda ya taɓa bi ta zauren Baffa Ilu a Haɗeja da hantsi ya san rediyoyinsa biyu. Baƙa tana kama tashar gida, ja tana kama ta Turawa. Yakan ajiye su a tabarma suna fuskantar juna, shi a tsakiya da sandarsa. Shekara ashirin ya yi yana masinja a kotun alƙali, da ya bar aiki sai ya buɗe tasa kotun. Ni ɗan ƙaninsa ne, ina koyarwa a Malam Madori, kuma sayen batir a wuyana yake.

Mai karanta labarai ya kuskura ya ce "an ce", sai ka ji sanda a ƙasa, kwas! "Wa ya ce? Kana wurin? Malam, rantse!" Wadda ta kasa rantsuwa, a zare mata batir a juya fuskarta bango. Baƙar nan ta taɓa yin kwana bakwai a rumbu, don ta ce ambaliya ba ta taɓa Haɗeja ba, alhali Baffa a kan turmi yake sauraronta, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, kotu ta daina hutu. Waɗanda baƙa ke kira 'yan ta'adda, su ne ja ke kira masu neman 'yanci. Liman ya ce, "Ilu, zaɓi guda mana ka huta."

"Allah gafarta Malam, maƙaryaci ɗaya ruɗa ka zai yi. Biyu kuwa asirin juna suke tonawa."

Muna ta dariya, har ranar da jirgi ya saki bam a wata kasuwar bakin kogi can kudu, inda ɗansa tilo, Sale, ya kai bandar kifi. Baffa ya kunna su duka. Baƙa ta ce ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ja ta ce wani Bature ɗan kwangila ya mutu. Ta faɗi sunansa, shekarunsa, garinsu, wallahi har sunan karensa. Sannan ta ce, "da wasu 'yan ƙasa."

"Wasu su wa?" in ji Baffa. "Ke! Wasu su wa?" Sai ta sa kiɗa.

Kwana goma sha biyu yana riƙe da maganar baƙar. Kowa ya shigo sai Baffa ya ce masa, "Ta ce ba wanda ya mutu." Ban taɓa ganin ya karɓi shaida ba rantsuwa ba sai lokacin, kuma cikinmu ba wanda ya iya tuna masa. Rana ta goma sha uku direban da ya ɗauki kifin ya yi sallama, hular Sale a hannunsa.

Na ɗauka fasa rediyoyin zai yi. Ina! Bayan sadakar uku ya jera su, ya zare batir, ya gyara murya irin ta masu labarai.

"Ga labarai. Salihu ɗan Iliyasu na Haɗeja ya rasu. Shekararsa ashirin da shida. Ya iya iyo, bai iya ciniki ba. Ba shi da kare."

Kullum hantsi haka, har ya bar duniya. Bai sake aikena batir ba. Daga baya maƙwabta suka riƙa kawo masa sunayen nasu da ba su dawo ba, yana karantawa, rediyoyin suna saurare.

Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya sada shi da Sale a inda ba a ce wa kowa "wasu".