Gwangwanin da Ya Mayar da Hindatu Makaranta

Shekara goma sha biyar ke nan cif da rasuwar yayana Sabo, malamin lissafi a wata sakandare a Tarauni, amma wallahi duk sanda na tuna shi dariya ce ke riga hawaye zuwa.

A shekarar da soja suka miƙa mulki 'yata Hindatu ta fara farfaɗiya, tana aji huɗu a firamare. Surukata Hajiya ta yanke hukunci: iska ce, a zubar da ƙwayoyin asibiti, a cire yarinya daga makaranta. Ni kuwa kuka kawai na iya.

Ana la'asar sai ga Yaya Sabo a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da wani gwangwanin madara. Ya huda ƙasansa, ya rataye shi a jikin waya yadda in ya cika zai kife. Ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya jawo buta ya fara ɗiga ruwa. Ruwa na yoyewa, gwangwani ko gezau. Da ya ƙara tsiyaya sai ya cika, ya kife, ya miƙe wayam, ya sake cika.

"Hajiya, haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke," in ji shi. "Lantarki na taruwa a kowacce yana yoyewa. In ya kai baki ta harba saƙo, ta koma farko. Na Hindatu da yawa ne ke kifewa lokaci guda. Maganin nan rage musu ruwa yake."

Hajiya ta karɓi butar da kanta. Sau uku tana gwadawa har ta jiƙa zanenta, sannan ta ce, "Kai Sabo, ashe bokon naka na da rana. A bar mata ƙwayarta, ta koma aji. Amma addu'a ba fashi." Saura kaɗan in rangaɗa guɗa a gaban suruka!

Bai taɓa mallakar kwamfuta ba. Bayan fastocin zaɓe yake cikawa da lissafin yawan lantarkin da ke sa jijiya ta harba sau kaza a daƙiƙa, ya sheƙo ya nuna mini, ni da ko jadawalin bakwai ban riƙe ba. Yau ga shi an ce na'urorin da ke amsa tambaya a wayoyinmu da dangin lissafin nan aka gina su. Da yana nan me zai ce? Na san dai zai ƙwace wayata, sai bayan mako in gan ta.

Da ya rasu bai bar gadon gida ba, bai bar littafi ba. Amma watan jiya, wajen wani suna a Unguwar Gano, wata baƙuwa ta yanke jiki ta faɗi tana karkarwa, mata suka watse don tsoron kada yawunta ya taɓa su. Hindatu, wadda yau malamar makaranta ce mai 'ya'ya uku, ta durƙusa ta juya ta a gefe, ta goge mata baki da mayafinta, ta ɗaga kai ta ce, "Ku matso, ba a ɗauka. Ni ma ina da ita."

Allah Ya kai haske kabarinka, Yaya.