Injinan niƙa uku da agogon Nasiru

Malam Isa, jiya bayan sallar Asuba na kishingiɗa, na yi wani mafarki da ya hana ni karyawa.

Ka san abin da ya raba ni da ɗana Nasiru. A shekararsa ta ƙarshe a jami'a ya rubuta aiki guda da yarukan kwamfuta uku, Si da Jaba da wani da na manta, ya juya kowanne zuwa abin da na'ura ke ganewa, yana auna wanda zai riga gamawa. Ya ce mini, "Baba, kamar a ba injin niƙa uku mudu ɗai-ɗai ne. Kwana biyu zai yi, don Allah kada a taɓa wayar wutar kwamfutar." Ni kuwa na yi baƙi, na zare ta na jona fanka. Aikin ya lalace, lokacin miƙawa ya wuce, ya maimaita shekara. Da ya yi magana na ce gidana ne. Yau shekara tara rabon da ya kira ni.

To, a mafarkin na gan ni a tsohon shagona na niƙa, amma ba rufi. Injina uku a jere, kowanne da allon kwamfuta a goshinsa. Nasiru na tsaye da agogo a hannu, kansa ya yi furfura fiye da nawa. Injin da allonsa ke nuna Si ya niƙe masararsa kafin in ƙifta ido. Na Jaba ya yi ta tari, daga baya ya kama gudu ya gama. Na ukun yana juyi a hankali, maimakon gari lambobi ke zuba a ƙasa.

Sai kawai na ji muryar marigayiya mahaifiyar Nasiru daga cikin injin tana cewa, "Malam, saura kaɗan, ka ƙyale shi."

Na ce, "Nasiru, wannan karon zan jira." Bai ɗago ba, rubutu yake yi.

Sai kawai shagon ya koma tashar mota, ana ta lodi, Nasiru na cikin wata mota. Na buɗe baki in ce ya yafe mini, bakina cike da dusa. Motar ta tashi da shi, injin na ukun bai gama ba.

Na farka rana ta hau, hawaye har cikin kunnena. Malam, kai ka yi karatu. Wannan injin da ya ƙi gamawa, fushinsa ne, ko kwanakin da suka rage mini? In na kira shi yau, kana ganin zai ɗauka?