Baba Kwalba da Jarkar Asid

Shekara ashirin da biyu Baba Kwalba ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare. Karatunsa a aji biyu ya tsaya, amma kunnensa bai tsaya ba. Hannu cikin kumfa, yana jin malamai suna nanata wa ɗalibai lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari, har ya haddace. Malamar kimiyya takan tsokane shi, "Baba, saura ka karɓe min alli."

Wata Talata da hantsi, malamar tana asibiti wurin mahaifiyarta, katakon da ake jera kaya a kai a sito ya karye. Jarkar asid ta faɗo ta tsage. Ruwan ya miƙe yana hayaƙi, ya nufi magudanar da ke bi ta gindin rijiyar makaranta.

Baba ya tare shi da yashi, ya ƙwalla wa maigadi kira.

"A watsa ruwa mana!" in ji maigadi.

"Ruwa zai kai shi rijiya! Fitar min da yara!"

Ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙen tsumma, ya durƙusa da alli a kan siminti. Lita ashirin, kowace lita mol goma, ɗari biyu ke nan. Mol ɗaya na soda yana kashe biyu na asid, sai ya nemi mol ɗari na soda, kilo goma da 'yan kai. Ya buɗe gwangwanin soda. Kilo biyar ne.

Idonsa na zubar da ruwa, maƙogwaro kamar an ɗura masa garwashi. Ya sake lissafin ko ya yi kuskure. Bai yi ba. "Wayyo Allah, rabi kawai!"

Can ya tuna da buhun farar ƙasa da masu fenti suka bari. Ita ma ɗaya ga biyu ce, kilo huɗu zai cike ragowar. Ya fara zuba sodar, sannan ya jawo buhun da rarrafe, yana barbaɗawa kaɗan-kaɗan, ƙasa na tafasa, shi yana tari, har kumfar ta kwanta.

Rijiya ta tsira, ƙirjin Baba bai tsira ba. Wata uku ya yi a kwance, aikin ya gagare shi. Yanzu yana gidan babbar 'yarsa, taku goma sai ya dafa bango. Kullum faɗa take yi, "Baba, me ya hana ka gudu?" Shi kuwa ya ce ta miƙo masa ruwa, ta daina surutu.